Rarar Inci Ɗaya

Baba Tela shi da bakinsa yake ba da labarin akwatin wuta, kuma ba ya raga wa kansa ko kaɗan. Cewa yake duk abin kunyar da ya yi a rayuwa a ɓoye ya yi shi, ban da wannan, wanda ya yi da rana tsaka, da tef a wuya, a gaban shaidu.

Shagonsa ɗan tsukuku ne tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. In ka tsaya a tsakiya ka buɗe hannuwa, za ka taɓa bango da bango. Kekunan ɗinki biyu, teburin yanka ɗaya, dutsen guga a ƙarƙashin tebur, yadudduka jibge har kusa da rufi, sai wani tsohon madubi da ke rage wa kowa tumbi, shi ya sa duk da tsagewar da ya yi aka ƙi canza shi. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya shiga sana'ar, a hannun wani kawunsa mai saurin kai mari. Abu ɗaya kawun ya cusa masa har cikin ƙashi: in ka auna, ka ƙara inci ɗaya kafin ka rubuta. Yadin da aka yanka da rara ana iya rage shi gobe, wanda aka yanka cif-cif kuwa sai dai a yi ta ba mai shi haƙuri. Shekara arba'in da wani abu hannun Baba Tela yana wannan ƙarin, har ya daina sanin yana yi. Ido ya ga talatin da takwas, hannu ya rubuta talatin da tara, shi kuma yana can yana musu da mai aski a kan ƙwallo.

Da keken nan ya rayar da 'ya'ya biyar, kuma huɗu daga ciki suka tashi ba sa son jin ko ƙararsa. Babban ya zama direba, mai bi masa malamin makaranta, mata biyu suka yi aikin asibiti. Auta kaɗai ce tun tana rarrafe take tsintar ƙyallaye a ƙarƙashin tebur. Ita ce ta yi karatun zanen tufafi, ta dawo gida da wani sabon salo: ta zana riga a kwamfuta, ta saka wa wani mutum na cikin allo, ta jujjuya shi tana duba inda rigar ta ja. Da farko Baba Tela dariya ya yi. Ya ce mutumin nata ba shi da tumbi, ba shi da doro, kafaɗunsa biyu daidai suke, irin wannan mutum bai taɓa shigowa shagonsa ba. Ranar da ta fitar masa da tsarin yanka da ya tsirar da rabin yadi daga abin da ya saba ɓarnatarwa, sai ya ce ba laifi. A wurinsa wannan yabo ne mai yawa.

Gaskiyar magana kuwa, tsoro yake ji. Idonsa ya fara ja da baya, ko da yake shi cewa yake allurar zamani ce aka rage wa kafa. Keke na biyu ya shekara uku a lulluɓe. Abin da yake so a duniya bai wuce ya juya ya ga Auta zaune a wurin ba, don ya san in ita ma ta tafi, ranar da ya rufe shagon nan ya rufu ke nan.

Ana haka wani kamfanin ɗinki a wani gari mai nisa ya aiko mata da tayin aiki, aka ba ta zuwa ƙarshen wata ta ba da amsa. Baba Tela ba mutum ba ne da zai buɗe baki ya ce wa 'yarsa kada ki tafi. Sai ya shiga kewaye-kewaye. Yau ya ce masu kawo ɗinki sun yi masa yawa, gobe ya ce hayar ɗaki a manyan garuruwa abin tsoro ce, jibi ya yaye lulluɓin keke na biyu yana goge shi da mai a gabanta. Ta gane sarai. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ko na zauna, ina zan ajiye kwamfuta a shagon nan? Ni kaina sai na naɗe ƙafa nake samun wuri."

Kowane mai kunne ya san abin da take nufi. Baba Tela kuwa matsalar wuri ya ji, kuma matsalar wuri ai ta awo ce. Da ya kai wa matarsa zancen, ta dube shi ta ce ba wuri yarinyar nan ta rasa ba, nauyinsa take ji. Ya ce ita dama ba a faɗin magana a gabanta ta bar ta yadda aka faɗe ta. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da ninke wanki.

Washegari ya bi shagon da tef lungu-lungu, ya samo wani ɗan gurbi a kan kanta, saman keke na biyu, tsakanin kwalin zare da rediyo. Allon kallo kuma sai a rataye shi inda kalanda take. Ya tsallaka titi wurin Injiniya, wata mata mai gyaran kwamfuta, wadda shi ke ɗinka mata rigar aiki mai aljihu bakwai. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya da birki. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce eh, ana haɗa kwamfuta 'yar ƙarama da ba ta fi kwalin takalmi ba, kuma za ta ja aikin zane ba gardama. Ya roƙe ta kada Auta ta ji. Ta ce ita ba ruwanta da sirrin gidan mutane, kayan aiki kawai take haɗawa.

Cikin kwana goma ta tara komai: ɗan gidan ƙarfe baƙi mai hujoji, da kayan cikinsa kowanne a ledarsa. Abu ɗaya ya rage, akwatin wuta, wanda masu sana'ar ke kira fawa. Ta yi masa bayani cewa shi ne ke karɓar wutar bango ya tace ta, ya raba wa kowane sashe daidai cikinsa, kuma ba kowanne ke shiga ƙaramin gida ba. Irin wanda ake buƙata ya ƙare mata, sai an je babbar kasuwar kayan lantarki a ɗaya gefen gari. Ta ɗauki biro za ta rubuta masa sunan irin, sai girman kai ya motsa.

"Ni za a rubuta wa awo?" in ji shi. "Tun ba a haife ki ba nake auna mutane, balle ɗan akwati."

Wayarta ta yi ƙara a daidai lokacin, ta juya baya tana faɗa da wani a kan firinta. Baba Tela ya zare tef daga wuya, ya zura cikin gurbin da akwatin wutar zai zauna. Faɗi inci biyar, tsayi biyu da rabi, zurfi huɗu da rabi. Ya rubuta a bayan takardar awo: shida, uku da rabi, biyar da rabi. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya fita yana jin kansa.

Mota biyu ya hau kafin ya isa kasuwar. Mai shagon da ya shiga ya karanta takardar ya ce ai wannan na gama-gari ne, akwai su birjik. Ya tambaye shi mai wat nawa yake so. Baba Tela bai san mene ne wat ba, kuma ya gwammace ya mutu da ya tambaya, sai ya ce a jero masa su. Aka jero, ya nuna wanda lambarsa ta fi girma, ya ce yarinyar da za ta yi aiki da shi mai ƙwaƙwalwa ce, ba a ba irinta ƙaramar wuta. A yi wa mai shago adalci, ya yi ƙoƙari. Da ya ji an ce gidan kwamfutar ƙarami ne, sai ya ce anya kuwa, ƙananan gidaje suna da nasu irin daban. Baba Tela ya ƙwanƙwasa takardar da yatsa ya ce awo ba ya ƙarya. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya saka masa a leda.

Ya karɓo gidan ƙarfen daga wurin Injiniya, wai zai ɗan gwada da kansa. Ya ture yadin mutane gefe, ya ɗora a kan teburin yanka. Akwatin wutar ya zo bakin gurbin ya tsaya. Ya juya shi ta gefe, ya tsaya. Ya kifa shi, ya tsaya. Ya sa gwiwa ya danna kamar mai rufe akwatin tafiya da ya cika, ƙarfen ya yi wani ɗan kuka, ya yi sauri ya janye. Daga nan aka shiga raba laifi. Na farko mai shago ne, macuci, ya ga tsoho. Na biyu waɗanda suka ƙera gidan, ba su iya aiki ba. Na uku tef ɗinsa, wataƙila ya miƙe saboda tsufa, har ya je ya aro na wani tela a bayan layi ya jera su, suka zo daidai wa daida. Mai aski ya leƙo ya tambaya ko lafiya yake ta gumi, ya ce masa zafi ne. Hannunsa kaɗai bai tuhuma ba.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya kwashi kayan ya tsallaka titi, amma da shawarwari ya je. Ko dai a buɗe wa gidan ɗinki ta gefe a ƙara masa faɗi, ya san wani mai walda, ko kuma a kwance akwatin wutar a rage shi ta baya, don ya girgiza shi ya ji akwai fili a ciki. Fuskar Injiniya ta canza. Ta ce ko da wasa kada ya kuskura ya buɗe shi, abin nan yana riƙe wuta a cikinsa ko an zare shi daga bango, yana iya kayar da ƙato. Sannan ta ce ya ba ta takardar. Ta sa ƙarfen awonta a gurbin, ta dubi takarda, ta sake aunawa, ta sake duba. Ta ɗago ta kalle shi ta saman tabarau. Sai ta miƙa masa bironta ta ce ya auna mata shi, ya faɗa da baki, ya kuma rubuta.

Ya auna yana huci. Ya ce, "Shida." Ya rubuta. Ta juyo masa da takardar, ga bakwai nan ɓaro-ɓaro da rubutunsa.

Injiniya ta yi dariya har ta zauna a kan wata matacciyar firinta tana share hawaye. Mutum biyu da ke jiran gyara suka taso suka leƙa, aka yi musu bayani, su ma suka kama. Baba Tela ya tsaya yana kallon hannunsa na dama kamar ya kama ɓarawo a ɗakinsa, ɓarawon kuma ɗan gida. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, incin da ya ƙara ta kowane gefe ya faɗa daidai kan girman babban akwatin wuta na gama-gari. Da ya kauce ko kaɗan, da mai shago ya ce babu irinsa, da asiri ya rufu. Shi kuskurensa ma sai da ya fito tsaf kamar aikin gwani.

Da dariya ta lafa, ta zaunar da shi ta koya masa kamar ɗan aji ɗaya, shi kuma ya naɗe hannu ya saurara. Ta ce a ƙarfe abin juye yake da yadi: kayan ne za su gaza gurbi, a bar wa wayoyi hanyar lanƙwasa, a bar wa iska wurin wucewa. Ƙananan ma iri biyu ne, fuskarsu ɗaya, amma ɗaya ya fi tsawo da wajen inci guda, fankarsa ta fi girma, ta fi shiru. Da gidan zai ɗauka, da shi za ta zaɓa, amma ba zai ɗauka ba, don haka gajeren za a sayo. A nemi wanda wayoyinsa ake cirewa a mayar, don a saka waɗanda ake buƙata kawai, sauran su zauna a kwali. Batun wat kuwa, ƙarfin wutar ke nan, ta lissafa abin da kowane sashe ke ci, ta ce rabin wanda ya kinkimo ma ya isa har da saura. Ya tambaya cikin sanyin murya ko ba a ɗan ƙarawa saboda gaba. Ta ce ana ƙarawa, nan ne kaɗai rarar tasa take da amfani, kuma ta riga ta ƙara masa, kada hannunsa ya sake taɓa lambar.

Babban akwatin ta karɓe shi, dama tana da wata ƙatuwar kwamfuta da ke jiran irinsa. Ta rubuta masa sunan wanda zai sayo, shi da kansa ya ɗauki fil ya maƙale takardar a cikin aljihu. Ya sake hawa mota biyu. Mai shagon ya gane shi tun daga ƙofa, ya karanta takardar, ya ɗauko ɗan ƙaramin kwali ya ajiye, bai ce uffan ba. Baba Tela ya ce da mutumin ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Sabon ya zame cikin gurbin sumul, har da 'yar tazara a bayansa. Injiniya ta nuna masa ya juya fankar ta kalli hujojin gidan don ta sha iska daga waje, ta bar shi ya ɗaure sukurori huɗun da hannunsa. Da aka zo shirya wayoyi kuwa, nan ya rama. Ya ture hannunta, ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya, ya bi da su ta gefe, ya ninke inda ya kamata, ya ɗaure da siririn ƙyalle, har cikin gidan ya fito fes. Ta duba ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin waya ta kwanta haka ba. Ya ce ai ba komai ba ne, alhali sai da ya maimaita wa matarsa maganar sau uku. Aka danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Saura kwana uku wata ya ƙare.

Da safe ya ce wa Auta ta raka shi shago ta taya shi lissafin wani yanka. Ya buɗe ƙofa, ya matsa gefe. Ga allo a bango, ga ɗan gidan baƙi zaune a kan kanta tsakanin kwalin zare da rediyo, ga kujera an yi mata sabuwar riga. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Ta tambaya wa ya haɗa, ya ce shi da Injiniya, bai kawo zancen tafiya kasuwa sau biyu ba. Ta zauna, ta kunna, ta soka 'yar ma'ajiyar da take adana aikinta a ciki, ta buɗe zanenta, abin da tsohuwar kwamfutarta ke yi da nishi wannan ta yi shi nan take. Sai ya ga kafaɗunta suna rawa. Ya ɗauka murna ce, har ya fara gyara tsayuwa.

Ta juyo fuska jiƙe da hawaye. Ta ce ta rubuta wa kamfanin amsa tun sati biyu da suka wuce, amsar amincewa, ta kasa aikawa. "Baba, in ka ce in zauna, wallahi zan zauna. Ba zan taɓa yi maka gori ba."

Kalmar tana bakinsa. Wata guda yana dakonta, ga shi an buɗe masa ƙofa an ce bismilla. Maimakon ya furta ta, sai ya ce ta nuna masa irin aikin da za su sa ta. Ta buɗe wani zane, riga ce ta masu zama a keken guragu, bayanta ya fi gabanta tsawo, an kawar da ɗinkin daga duk inda jiki ke gogar kujera, hannun kuma an yanka shi yadda mutum zai tura taya ba tare da rigar ta shaƙe shi ba. Ta ce dubbai za a ɗinka. Ya matso da fuska kusa da allon ya bi layukan da ido. Ya taɓa ɗinka wa irin waɗannan mutane kaya, ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa tunanin ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya waiwaya ya dubi abin da ke rataye yana jiran mai keke na biyu: wanduna shida na rage tsawo, da buhun kayan makaranta masu mataccen zif.

Ita kuwa, don ta kauce wa idonsa, ta miƙe ta ɗaga ɗan gidan da hannu ɗaya tana duba bayansa. Ba ta san lokacin da ta ce kai, wannan ko a jaka ma zai shiga ba. Ta ciji leɓe, amma ya riga ya ji.

Dariya ce ta kuɓuce masa, irin wadda ke fitowa da zafi. Sati uku, mota takwas, abin kunya a gaban jama'a, duk don ya ƙera abin da zai zaunar da ita, ashe abin da ya fi komai sauƙin ɗauka a shagon ya ƙera. Da ya bi ta babban akwatin nan ya nemo masa ƙaton gida, da sai ta nemi ɗan dako.

"Ajiye shi," ya ce. "Zauna ki aika musu. Yanzu, ina tsaye, kafin in dawo hayyacina."

Ta ce Baba. Ya ce ta aika. Ta haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarta, ta buɗe wasiƙar, ya tsaya a bayanta yana kallon layukan da ba ya iya karantawa daga nan. Yatsanta ya tsaya a sama, ya ɗora hannu a kan kujerar, ta danna.

"Ya tafi?"

"Ya tafi, Baba."

"Da sauri haka?" Ya gyaɗa kai. "To, ashe dai wutar ta isa."

Ya ce ta kashe kwamfutar yadda ake kashewa, kada ta lalata masa aiki, ta tafi da ita gida ta fara sabawa. Shi ya zare wayar daga bango, ya naɗe ta a hankali ya miƙa mata. Sannan ya zauna a kan kekensa, ya ba ta baya, ya ce yana da aiki da yawa yau. Ya sa ƙafa ya fara takawa, kuma sai da ta kai ƙarshen layi tana jin ƙarar keken, alhali ta ga babu yadi a ƙarƙashin allurar.